Akwatin Ɗinkin Kabira

Litinin, 4 Rabi'us Sani 1446

Alhamdu lillahi! Shaima, matar ɗana Abdulilah, ta sauka bayan azahar. Mace ce. Jikokina huɗu duk maza, sai yau Allah ya kawo mini amarya. Abdulilah ya bugo waya yana ta "Mabruk ya Baba," na ce ai dole, ni ne ango. Na isa masallaci kafin na lura takalmana ba iri ɗaya ba ne. Ga rubutuna duk ya karkace. Da malamin ajin yamma, wanda ya koya mini boko ina da shekara hamsin da biyu, zai ga wannan rubutu, da ya ce in sake.

Talata, 5

Na je unguwar Rusaifa, inda su Abdulilah suke, na ga jaririyar. Kunnen matata Kabira ne sak. Na ce mata, amarya, kin zo kin tarar da angonki babu haƙora, kin yi daidai da shi. Shaima ta yi dariya a bayan mayafi, ban sani ba ko ta gane. Haifaffiyar nan ƙasa mai tsarki ce, Hausarta ba ta wuce gaisuwa. "Ya Ammi" take ce mini, wato baffana. Yarinyar kirki, amma shekara uku ke nan ba mu taɓa hira mai tsawo ba.

A mota na tuna maganar Kabira, Allah ya jiƙanta. Tana kwance ta ce, "In Abdulilah ya sami mace, akwatin ɗinkina nata ne, ranar suna. Kada ka yi rowa, na san ka."

Wata hajiya 'yar tsibirin Jawa ce ta ba ta shi shekarar da muka yi aure, bayan Kabira ta yi jinyarta a unguwar Aziziyya. Tun a lokacin tsohon abu ne, na kakar hajiyar. Baƙi ƙirin, yana sheƙi kamar ruwan rijiya, da jajayen furanni da tsuntsaye biyu na ruwan zinariya a murfi. Shekara huɗu ke nan yana naɗe cikin bargo a saman kabad.

Jaririya me za ta yi da allura? A bari ta girma mana.

Laraba, 6

Na sauko da shi don in gani kawai. Inna lillahi. Murfin ya tsage, tun daga fikafikin tsuntsu ɗaya har gefe, sheƙin ya dushe kamar ya sha toka. Ni da na ɓoye shi don kada ƙura ta taɓa shi!

Ban buɗe ba. Na kai wa maƙwabcina kafinta mai suna Turki. Ya jujjuya shi ya ce abu mai sauƙi ne, zai goge da sanfefa, ya cike tsagar, ya fesa sabon fenti, ranar Asabar in zo in ɗauka. Na ce tsuntsayen fa? Ya ce tsuntsaye kam za su tashi. Na bar masa. Ban ci abincin kirki ba.

Alhamis, 7

Allah ya sa na yi wa abokina Mahmudu zancen bayan asuba. Benci ɗaya muka zauna a ajin yamma, kuma ya yi shekara talatin a shagon wani mai sayar da tsofaffin kaya. Ya ce, "Sanfefa? Kai tsohon nan, karatun bai shige ka ba!" Ya ja ni da sandarsa har shagon Turki. Mun tarar ya goge kusurwa ɗaya a ƙasa, faɗin babban yatsa, itace ya fito fari. Nan take muka karɓe akwatin.

Mahmudu ya ce wannan ba fentin gwangwani ba ne. Ruwan wata bishiya ne ake shafawa, a jira ya bushe, a sake shafawa, sau da yawa, aikin watanni. Ya tambaye ni ina na ajiye shi. Na ce saman kabad, ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ya riƙe baki. Wai busasshiyar iskar nan ce ta tsotse shi. "Kabira kullum tana buɗewa, tana shafa shi da tafin hannu, tana goge shi da ƙyalle mai laima. Abin nan hannu yake so. Kai kuwa ka yi masa likkafani."

Tsagar ba za ta rufe ba. In ana kula da shi dai ba za ta ƙaru ba.

Juma'a, 8

Da wace fuska zan miƙa amanar da na ɓata? In ce ya ɓace? Ƙarya da furfura. Astagfirullah.

Asabar, 9

Na buɗe. Ƙamshin almiskinta ya fito, sai da na zauna. Zare kala-kala, almakashinta mai karyayyen baki, maɓallai a cikin 'yar batta. A ƙasa akwai hular jariri, fara, an yi mata ado da koren zare har rabi, allura na soke a inda ta tsaya. Ban san da ita ba. Ashe tun kafin Abdulilah ya yi aure take shiri.

Na goge shi yadda Mahmudu ya nuna mini. Hannuna kaushi ne da shi, hannun mai ɗaukar kayan alhazai. Duk da haka jan furen ya ɗan farka.

Gaskiyar magana, ba tsagar ce kaɗai ba. In ya bar ɗakin nan, me ya rage mini nata?

Litinin, 11

An yi suna. Na zaci Dalal ko Rim za a sa, irin sunayen yanzu. Da liman ya faɗa sai na ji "Kabira." Na kalli Abdulilah, ya sunkuyar da kai ya ce ba shi ba ne, Shaima ce ta dage. Tunda ba zai iya kiran sunan mahaifiyarsa ba, Ummi za su riƙa ce mata.

Na zo da akwatin a jaka, ban yanke shawara ba ko zan fito da shi. Bayan an ci rago na nemi a kira mini Shaima. Na ajiye shi a gabanta, na nuna tsagar da inda Turki ya goge, na ce laifina ne, da rabin Hausa rabin Larabci. Ba ta kalli tsagar ba sosai. Ta buɗe, ta ɗauko hular, ta daɗe tana kallon allurar. Ta ce ba ta iya ɗinki ba, ko maɓalli tela take kai wa. Sannan ta ce da Hausa, a hankali kamar mai tsallake kwata, "Zan koya. Kai ka gaya mini yadda take yi."

Ni me na sani? Shekara arba'in dai ina zaune gefenta tana yi.

Na dawo gida da jaka babu komai.

Laraba, 13

Saman kabad fayau. Na mayar da bargon kan gado.

Alhamis, 28

Na je Rusaifa duba akwatin, kada su ajiye shi kusa da mukayyif. Karo na shida ke nan, Mahmudu yana ƙirga mini, wai akwati ya zama hujja. Yana kan tebur a falo, murfi a buɗe, ƙyalle a gefe. Ya fi yadda yake a wurina sheƙi, dole in faɗa.

An gama hular. Rabin Kabira a miƙe kamar layin littafi, ɗaya rabin yana tangaɗi kamar rubutuna na shekarar farko. Ta yi wa amarya ƙanƙanta, da ƙyar ta zauna a kan, ta tsala ihu, muka yi ta dariya. Na nuna wa Shaima yadda Kabira take lasar bakin zare kafin ta zura, da yadda take soke allura a gefen mayafi ta manta, mu yi ta nema. Ta ce in ƙara ba ta labari. Har aka kira la'asar ban sani ba, shayina ya huce sau biyu.

Da na dawo na tuna ban ko duba tsagar ba. Gobe sai in koma. 'Yata Shaima ta ce in taho mata da koren zare.