Muryar Inna a Bayan Kaset

Lugbe, Abuja

Yaya Zakariyya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Ka sha yi min tsiya wai na karanta tarihi na ƙare a goge ƙurar kaset. To, ƙurar ta yi rana. Ka san a cibiyarmu ta Utako muna juyar da tsofaffin kaset na hirar tarihi zuwa kwamfuta. Jiya na sa wani na masaƙan Zariya, sai ga muryar Baba da ƙuruciyarsa yana bayanin saƙa. A bayansa wata mata tana daka tana waƙa. Can sai na ji ya ce, "Mariya."

Yaya, Inna ce. Ina goye ta rasu, ban taɓa jin muryarta ba. Na cire abin kunne na fita na yi kuka, na bar kwamfuta tana ɗauka. Danshi ya cinye kaset ɗin, yana kaiwa ƙarshe ya dagargaje, amma an samu kwafinsa a kwamfuta. Ban saurari sauran ba, na fi so mu ji tare. Ka gaya wa Baba ina tafe da shi.

Ƙanwarka,
Rumasa'u

Lugbe, Abuja

Yaya Zakariyya,

Ina gaishe ka, ina gaida Baba. Na ga saƙonka cewa ya sa an wanke masa farar riga, kullum yana tambayar yaushe zan iso. Wallahi ban san ta inda zan fara ba.

Ƙa'idarmu ce a tace kowace hira kafin manhaja ta mayar da ita rubutu. Ana barin muryar mai magana, a share carar zakara, iska da sauran hayaniya. Meshach, mai kula da sauti, ya tace duk na makon nan, har da namu. Ma'ajiyarmu ta cika, oga ya ce a goge na asali. A wurin manhajar, daka da waƙar Inna hayaniya ce.

Meshach, bawan Allah, ya wuni yana ƙoƙarin dawo da muryarta, har ya hana kansa abinci. Bai samu ba. Na kasa jin haushinsa, aikinsa ya yi.

Yau na saurara. Muryar Baba tar, kamar yana zaune gabana. Yana cikin magana ya ce, "Mariya, rage murya, ana ɗauka." Sai shiru. A cikin shirun ta ba shi amsa, don daga nan ya yi ta dariya har da tari.

Zuciyata ta karye, Yaya. Duk da haka zan zo da shi. Kada ka gaya wa Baba komai, ni zan faɗa. Wataƙila in ya ji dariyar ya tuna abin da ta ce.

Ƙanwarka,
Rumasa'u