Hannun da Ke Riƙe da Fanka

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ga littafin tarihin da kuka buga na cikar kamfaninku shekara goma. To, madalla! Wai yau har asibitoci ku kuke ajiye musu rumbun bayanansu a intanet. Na karanta shi tas. Sunan abokin aikinka Dogo ya fito sau goma sha ɗaya, na ƙirga. Dogon da ya zo bayan an gama shan wuya! Ni kuwa ko sau ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai hoton shafin farko ne. Ga ɗakin Inna, ga kwamfutarmu ƙwaya ɗaya a kan teburin guga, ga ka kana washe baki. A gefe ga wani hannu riƙe da fanka yana sanyaya ta kada ta ƙone, amma babu mai hannun. 'Yata ce ta gane agogona. Ta ce, "Baba, me ka yi musu suka yanke ka?"

Ba zan ɓoye maka ba, kishi nake yi, kuma yana cina. Ni fa na koya maka haɗa waya. Faɗa mini abin da zan ce wa yarinyar nan.

Ka huta lafiya.
Yayanka

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida 'yata. Wasiƙarka ta iso, na karanta.

Ka yi haƙuri in tuna maka shekararmu ta biyu, ranar da kwamfutar ta ƙone, bayanan da muke ajiye wa mai kantin magani suka salwanta, ya zo yana zaginmu a gaban Inna. Ka ce ka gaji da abin kunya, a cire sunanka daga komai. Da almakashin Inna ka yanke kanka daga hoton nan, ka sa guntun a aljihu, ka tafi neman aikin ofis. Daga ranar muka fara ajiye komai a wuri uku, kuma wannan ne ya ɗaga mu.

Dogo ya ce a canza hoton, wai hannu babu jiki ba tsari ba ne. Na ƙi. Hannun nan kaɗai ka bar mini.

Za a sake buga littafin wata mai zuwa. Sunanka kuma kai ka hana, sai da izininka.

Allah ya ƙara girma.
Ƙaninka

Auta,

Gaisuwa. Duba cikin ambulan, ga guntun nan. Ya ɗan koɗe, shekara takwas yana cikin walat ɗina.

Ka manna shi da kyau. Sunan kuma ka dakata tukuna, sai na gaya wa 'yata wanda ya riƙe almakashin.

Sai na ji daga gare ka.
Yayanka