Ummi Ta Ƙi Kofi

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ciwon ƙafar taki? Mu nan Tsafe da godiya.

Sai dai Ummi, marainiyar ƙanwarmu, ta yi gudawa har idanunta suka faɗa. Da ƙyar muka sami motar Gusau saboda rashin fetur. A asibiti nas ta duba bulumbotin da take shan madara da shi ta ce, "Dattin robar nan ne ciwonta. Ki koya mata kofi."

Na sayo kofi mai murfi da ɗan baki, amma da ta gan shi sai ta kau da kai tana kuka. Inna ta zo daga Kucheri ta ce, "Maido mata abinta, kada yunwa ta kashe ta." Na rasa maganar wa zan bi.

Yau na sha a gabanta, sai ta miƙo hannu ta kurɓi madara kaɗan. Amma Yaya, in na goya ta, sai in ji kamar ba kowa a bayana.

Ki sa ta a addu'a. Ki gaishe min da mutanen gida.

Ƙanwarki,
Binta