Wanda Zai Riƙe Gonar Tofa a Bayana

Da sunan Allah Mai rahama. Ni, Alhaji Zubairu Ɗan Iya, tsohon malamin gona, na rubuta wannan da hannuna, cikin cikakken hankalina, ko da yake ƙafafuna sun daina yi mini biyayya. Duk wanda ya ce gigin tsufa ne, ya ji tsoron Allah.

Na ɗaya. Gado rabon Allah ne, ban sa masa hannu ba. Umarnina shi ne kada a yayyanka gonarmu ta Tofa. A noma ta a haɗe, a raba amfanin bisa kason kowa, kuma ɗana Usaini ne zai riƙe ta.

Na biyu. Kamaruddeen, kai ne babban ɗana. Na san wannan zai yi maka zafi, kuma so nake ya yi. Ka je bitar kwana biyar a Kano, ka dawo ka sa mai fenti ya rubuta "ƙwararre" a allon shagonka na taki. Shekara talatin da ɗaya na yi ina zaga ƙauyuka a kan babur, ban taɓa kiran kaina da wannan suna ba. Mutane ne ke ba da shi, galibi a bayan idon mai shi. Idan an ce wane ya ƙware, ana nufin ya daɗe a kan abu, ya yi kuskure, ya gane inda ya kuskure, bai kuma maimaita ba. Haka ake faɗa wa ungozoma da mai ɗori da mahaƙin rijiya. Iyawa kuwa, kowa ya iya riƙe fartanya.

Ga aikin ƙwararren namu. Bara, ina kwance a asibiti, ka sare gawo huɗu da mahaifina ya bari, wai inuwarsu na danne gero. Wane manomi ne bai san da damina gawo ke zubar da ganye ba, kuma a gindinsa gero ya fi kauri? Ka kuma kawo tarakta ta tuge gambar da ta raba mu da maƙwabcinmu Malam Basiru, ta haɗa da kunya uku na gonarsa. Mutumin da muka shekara arba'in muna cin tuwo a kwano ɗaya, yau sai dai ya amsa sallamata ya wuce.

Na uku. Kamaruddeen, za ka taka zuwa gidan Malam Basiru, ba ta waya ba, ka ba shi haƙuri a gaban mai unguwa. Ka sake dasa gambar da hannunka, daidai inda Usaini ya nuna maka.

Usaini bai gama sakandare ba, na kuma daɗe ina yi masa gori. Ni na yi kuskure. Na ga yadda yake bin gona kafin girbi yana zaɓen zangarniyar iri ɗaya bayan ɗaya, irinsa bai taɓa ba mu kunya ba.

Na huɗu. Littattafan da na rubuta ranakun ruwan sama da na shuka na riga na ba 'yata Fadima kyauta, domin ita kaɗai ce a gidan nan ke mayar da abu inda ta ɗauke shi.

Allah Ya yi muku albarka gaba ɗaya, har da kai, Kamaruddeen, don na cire ka daga riƙon gona, ban cire ka daga addu'ata ba. Ku riƙe zumunci, ku ci a tare. Wanda duk ya kai ɗan'uwansa kotu a kan wannan ƙasa, ya sani ban yafe masa ba.