Azumin da na yi ta yabo, ashe ba na Allah ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a Yelwa, nan Mubi, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ƙarar cokali ce ta tona abin. Wata Alhamis an sha ruwa, ina alwala a bayan kicin sai na ji ƙwas ƙwas, cokali na gogar bakin gwangwani. Na leƙa, sai ga babbar 'yata mai shekara goma sha huɗu tana zuba dafa-duka a ƙaramin gwangwanin tumatir, ta share saman da bayan cokali kamar mai awo a kasuwa, sauran ta mayar tukunya. Wannan gwangwanin shi ne buɗa-bakinta gaba ɗaya.

Wata uku ke nan tana azumin Litinin da Alhamis, daga baya ta ƙara da kwana ukun tsakiyar wata. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na faɗa a islamiyya, na faɗa wa maƙwabta, har surukata na kira na ce ta sa mata albarka. Ina ganin ƙashin wuyanta yana fitowa ina cewa hasken ibada ne. Da na tsare ta ranar, ta yi ta kame-kame, daga ƙarshe ta faɗi gaskiya. Wai ramewa take so ta yi kamar mawaƙan Koriya da take kallo a waya, kuma ta san in ta ce azumi take babu mai matsa mata da abinci a gidan nan. Innalillahi. Da sunan ibada, kuma ni da bakina nake yi mata talla.

Na san tana kallonsu. Tsohuwar wayar ƙanwata ce a hannunta, wajen masu tura waƙa a kasuwa ta fara samo su. Samari da 'yan mata fes, gashi ruwan hoda, fuska sumul kamar faranti, farko ma ban iya bambanta namiji da mace ba. Na ɗauka rawa ce kawai. Sai da na zaunar da ita ta yi min bayani, tana yi tana murna kamar mai ba da labarin 'yan uwanta. Wai kamfani ke ɗaukarsu tun suna yara, a killace su shekaru ana koya musu rawa da murmushi, ana ɗora su a sikeli, wanda hancinsa ko haɓarsa ba ta yi ba a kai shi a gyara. Kamfanin ne ke raba musu hali, kai ne mai kunya, kai ne mai barkwanci, kai ne auta. Ba a yarda a ji suna soyayya ba, don kowace yarinya ta zauna da tunanin nata ne. Ko akuyar da za a kai kasuwa ba a yi mata haka.

Abin da ya ƙara min ƙyama, akwai wani gurup na masoyansu da take ciki a wayar, a nan aka koya musu awon gwangwanin, kuma a nan ake raba musu aiki. In sabuwar waƙa ta fito sai a ce kowa ya kunna ta sau kaza don lambar masu kallo ta hau. Na sha ganin wayar a kan tabarma tana ta yi ita kaɗai babu sauti, ashe aiki take. Yarinyar Mubi da ko sunan garinta ba su taɓa ji ba, tana yi wa masu kamfani bauta kyauta da yunwa a cikinta.

Maƙwabciyata Maman Grace, nas ce 'yar Michika, ta ja fatar idon yarinyar ta duba, ta ce min jininta ya yi ƙasa sosai, kuma al'adarta ta tsaya wata biyu, ni uwarta ban sani ba. Ta ce in ƙwace wayar yau, kada in jira gobe.

To ga inda na rasa yadda zan yi. Lokacin da 'yan ta'adda suka shiga garin nan muka gudu, kwana uku muka yi a ƙafa ta cikin duwatsu, tana da shekara goma sha ɗaya, ta ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Bayan mun dawo ta fi shekara ba ta magana sai dai ta gyaɗa kai. Dariyarta ta farko da na ji, a kan wayar nan ta yi ta. Shi ya sa na kawar da ido. Babanta bai san komai ba, har yanzu cewa yake malamar gida na azumi, in ya ji zai fasa wayar kuma ba zai tsaya a nan ba.

In ƙwace in mayar da ita cikin shirun can? In bar mata in zuba ido tana ƙarewa? Kuma in faɗa wa babanta ko in rufe? Masu 'ya'ya mata ku taimake ni.

Jiya da safe na sa ta gaba da koko da ƙosai, na ce mata duk abin da take gani shiri ne, su ma yaran azaba suke sha. Ta sha rabin kofi, ta ajiye, ta ce:

"Mama na san ƙarya ce, na ma fi ki sani. Amma ki bar min. A cikin wayar nan babu wanda yake gudu."