Ƙarfe a maƙoshin surukina, ga Sallar layya saura kwana tara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ban yi karatu mai nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

Ni 'yar Bodinga ce, anka kawo ni aure wani ƙauye kusa da Shagari, ina da ɗiya guda mai wata bakwai. Maigidana yana Kudu wajen sayar da albasa, sai ya yi wata uku bai zo ba. Uwarsa ta rasu tun kafin a kawo ni, don haka gidan daga ni sai jaririya sai mahaifinsa, Baba.

Bara Baba ya fara kasa haɗiye abinci, tun yana tura tuwo da ruwa har ruwan ma ya koma dawowa, ya rame ƙwarai. Da munka je asibiti Sakkwato anka ce wani tsiro ne ya matse hanyar abinci. Sunka zura wani siririn tiyo mai kyamara ta bakinsa, sunka sa mashi wata 'yar ragar ƙarfe mai kamar bututu ta buɗe wurin, siten suke ce mata. Ko yanka ba a yi ba. Washegari ya sha kunu kofi guda, maigidana har da hawaye.

Ranar sallama nas ta tambaya wa ke dafa mashi abinci, anka nuna ni. Ta zaunar da ni ta ce ƙarfen ba ya motsi kamar maƙoshin mutum, abin da ya shiga da girma nan zai tsaya. Abinci mai laushi kawai, loma ƙanana, a tauna sosai, ana kurɓar ruwa. Ban da tsire, ban da kilishi, ban da burodi, nama sai an daka shi ya narke cikin miya. Ya ci a zaune, kar ya kishingiɗa sai an jima. In abu ya tsaya ko ya yi aman jini a kawo shi da gaggawa. Ta ce, "Ƙanwata, aikinmu ya ƙare, saura naki." Maganar nan kullum tana kunnena.

To ga inda matsalar take. A wajenmu matar ɗa ba ta tsayawa gaban suruki, ko sunansa ba na faɗi. In na gama girki sai in aje kwano bakin ƙofar zaure ta ciki, in gaishe shi daga bayan bango in koma. Shi kuma a zaure yake ciyayya da abokansa uku, kowa a kawo kwano daga gidansa a haɗa. Sun ce tun zamanin siyasar da anka yi kafin a haifi maigidana, lokacin da ake layin shinkafa da sabulu, ba su taɓa raba kwano ba.

Ni kwano nake karantawa. Satin farko yana dawowa a sharce. Daga baya ya fara dawowa da rabi. Yanzu faten da na tace sau biyu dawowa yake ko cokali ba a sa ba, in na je shara kuma in tarar da tsinken tsire gefen buzunsa. Rannan ina shanya na ji Malam Buba, babban abokinsa, yana dariya yana cewa, "Alhaji, kai da jikarka yanzu kwano guda za a riƙa zuba muku." Sunka yi ta dariya, Baba ma ya yi, amma tun ranar bai ƙara taɓa abincina ba.

Shekaranjiya da la'asar na ji Baba ya sarƙe. Tari yake yana kakari, suna bubbuga bayansa suna salati. Na taho da gudu da goyo, na kai bakin ƙofa, wallahi ƙafata ta ƙi shiga. Ina tsaye riƙe da kofin ruwa har Allah ya sa abin ya fito. Ba wanda ya san na zo.

Na kira maigidana na faɗa mashi, ya ce ni ce zan koya wa Baba cin abinci? Ya ce in rufa mashi asiri kar a ce ya auro marar kunya, in bari sai ya zo Sallah. Na kira innata a Bodinga ta ce in yi ta addu'a, babba ba a yi mashi faɗa. Shi maigidan, lokacin da nas ke bayani, yana waje wajen karɓo magani, ni kaɗai na ji, ni kaɗai na san abin da nake tsoro.

Yanzu Sallah saura kwana tara, kuma Baba ne ke fara cin gasasshen naman layyarsa a zaure kowace shekara. Na yi tunanin in je gidan Malam Buba in durƙusa in gaya mashi abin da nas ta ce, ina tsoron Baba ya ji na kai ciwonsa waje. Na yi tunanin in daka nama da yawa in aika ya ishe su su huɗu, wataƙila in duka suna ci ba zai ji kunya ba, ban sani ba ko za su ɗauka raini ne. Ko in cire kunyar in shiga zauren in faɗa mashi da bakina, kome za a ce a ce?

Don Allah masu surukai da ma'aikatan asibiti da ke wannan dandali, wanne zan yi? Ragon yana ɗaure a tsakar gida, ni ke ba shi dusa kowace safiya, yana ta ƙiba, ni kuma ko kallonsa ba na iya yi.