Turken da Aka Buga a Gindin Kurna

Zuwa ga Yaya Buba,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya jikin naka, yaya zaman Ikko? Ina Adda Hauwa da yara? Mu nan Potiskum sai godiyar Allah.

Tun da aka ba mu jihar Yobe ake maganar sababbin shaguna. To, ƙaramar hukuma ta ɗauko masu zanen gini daga Kaduna, kuma layin shagunan zai cinye tsohon gidanmu na unguwar Hausari. Ranar da suka zo awo ni na zagaya da su, ga Baffa ga surukina. Babbansu, mutum mai ladabi, ya tsaya a gindin kurnar bayan gida ya ce, "Malam, akwai kabari a nan? In akwai, mu kauce."

Yaya, ka san wanda ke kwance a wurin: ɗana na fari, da ya koma kafin suna. Da wane baki zan yi zancen ɗan fari a gaban manya? Na sunkuyar da kai, Baffa ma ya yi kara. Baƙon ya ɗauka babu, ya sa aka buga turke.

Tun ranar, ko salla nake yi ƙarar gudumar nan nake ji. Uwar yaron kuwa ta daina bin hanyar.

Don Allah ka rubuto wa Baffa kafin a fara haƙa, maganarka yake ji. Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a. Shekara ashirin ina jin kunyar yaron nan. Yanzu ita za ta sa a zuba masa siminti.

Ƙaninka,
Sale